Ba Don Gizo Ba, Da Mun Yi Ƙarya?

Mai karatu, yau da wata shari'a na zo maka, kuma tun da wuri ina shaida maka cewa ni kaina ban fita daga cikinta salin-alin ba.

Na je gida Kafin Hausa hutun babbar Sallah. A dare na biyu, bayan mun dawo daga sallar isha'i muna zaune a zaure, sai Yayana ya zura hannu ƙarƙashin tabarma ya jawo wasu 'yan littattafai guda huɗu ya jefo mini a cinya. Duk sun sha hannu, ɗaya ma da zare da allura aka ɗinke bangonsa. A jikin bangon ga zanen wani ƙato riƙe da takobi, a bayansa ga wani dodo mai kai uku yana aman wuta. Irin littattafan nan ne da muke kira na yaƙi, waɗanda ake yi na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne ya ƙare a daidai inda ran mai karatu zai fi tashi.

Yaya ya ce, "Ga abin da ɗanka yake yi da dare. Ƙarfe ɗaya na same shi a cikin gidan sauro da cocila. Kai ne ɗan boko mai karance-karance, to gaya mini tsakaninka da Allah, ya halatta in zuba ido yaro ɗan shekara 12 yana cika cikinsa da ƙarya? Ƙaryar ma ta aljanu da matsafa?"

Ya riga ya yanke hukunci, gobe da safe sai murhu. Na ce, "Yaya, a yi mini alfarmar kwana uku in karanta su tukuna." Ya ce ya ba ni.

To mai karatu, tambayar Yaya ce na kawo maka, domin na san ko dai an taɓa ƙwace maka irin wannan littafi kana yaro, ko kuma kai ne yanzu kake ƙwacewa. Shin labarin da kowa ya san bai faru ba, ƙarya ne? In ƙarya ne, ina hujjar miƙa shi ga yaro, wanda aka ce mu koya masa gaskiya tun yana goye?

Kada ka yi saurin yi wa Yaya dariya ka ce bai waye ba. Maganarsa tana da tushe. A addininmu ba a ɗauki yi wa yaro ƙarya abin wasa ba. Abu Dawud ya ruwaito labarin sahabin nan Abdullahi ɗan Amir, wanda yana ƙarami mahaifiyarsa ta kira shi da alkawarin za ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) kuwa yana gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Sai ya nuna mata cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Ka ji fa, kiran yaro da alkawarin banza ma ba a ƙyale ba. To ina ga littafi huɗu cur, babu abin da ya faru a ciki ko ɗaya?

Kuma ba Yaya ne ya fara wannan ƙorafi ba. A 1933, lokacin da Dakta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai, babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kansu. A ganin malaman, ƙaga labari aikin tsofaffi mata ne da yara, bai dace mutum mai rawani ya zauna yana shirya abin da bai faru ba. Da ƙyar aka samu waɗanda suka amsa, kuma daga amsawarsu ne muka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Can nesa da mu ma, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, masanin Girka Aflaton ya kawo shawarar a sa ido a kan labaran da iyaye mata da masu reno ke ba yara, domin a ganinsa zuciyar yaro ɗanyar ƙasa ce, duk abin da aka danna a kai shi zai zauna. Mu ma ai mun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka tambayar tsohuwa ce, kuma masu hankali ne suke yin ta. Sai dai ina ganin akwai inda suka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba.

Mece ce ƙarya? Ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da ka san ba haka yake ba, da nufin ya ɗauka haka yake. Ruhinta yaudara ce. Uwar da ta ce wa yaro zo ka karɓa alhali hannunta wayam, so take ya yarda akwai wani abu a hannun. In ka cire wannan nufi na yaudara, abin da ya rage wani abu ne daban.

Tuna yadda kakarka take buɗe tatsuniya. Ba ta taɓa farawa kai tsaye kamar mai ba da labarin kasuwa. Sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, ku kuma ku amsa ta zo mu ji ta. Wannan 'yar musayar magana yarjejeniya ce. Ita ta sanar da ku cewa za ta buɗe wata ƙofa, ku kuma kun yarda ku shiga da saninku. A cikin ɗakin nan Gizo yana magana, Ƙoƙi tana kishi, Kura tana zuwa biki. Idan ta gama sai ta ce ƙurunƙus, ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Ta rufe ƙofa ke nan, kowa ya dawo tsakar gida. Dubi hikimar da ke cikin wannan rufewa: tsohuwa da bakinta ta ambaci ƙarya, ta ɗora wa Gizo, don kada wani yaro ya kwana yana zaton abin da ya ji ya faru. Maƙaryaci ba ya yin haka. Maƙaryaci rantsuwa yake yi.

Malaman zaure ma sun san wannan bambanci, ko da ba su cika faɗa ba. Muƙamatul Hariri da ake karantawa a gaban manyan malamai don gogewa a Larabci, labarai 50 ne na wani ɗan duniya mai suna Abu Zaidu, wanda Hariri ya ƙaga. Shi kansa Haririn, mutumin Basra da ya rasu a 1122, ya san za a zarge shi, shi ya sa tun a gabatarwa ya kare kansa da cewa ba a taɓa ganin laifin masu sanya magana a bakin dabbobi don koyarwa ba, kuma ayyuka suna tare da niyya. Kalila wa Dimna, wanda Ibn Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, hirar diloli ce da zaki da sa. Ba wanda ya taɓa zuwa daji neman dilan da ke ba sarki shawara. Abubakar Imam kuwa, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja yana ɗan shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina, a gidan malanta ya tashi, kuma inuwar Muƙama tana nan a jikin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ga duk wanda ya san littattafan biyu.

Wani abin sha'awa, jerin littattafan yara mafi shahara da Hausa ya amsa tambayar Yaya a cikin ƙashin bayansa. Magana Jari Ce, littafi uku, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, a kan me aka gina na farkonsa? Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, mugun waziri yana haƙon ɗan sarki Musa ya fita daga gida a hallaka shi, aku kuwa ba shi da takobi ba shi da garkuwa, sai baki. Duk lokacin da Musa ya yi ɗamarar fita, sai aku ya ɗauko labari ya riƙe shi da shi har gari ya waye. Wato labari ne ya tsare ran yaro. A littafi na biyu aku ya kara da wani aku a gasar ba da labari, a na uku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar. Imam ya tattaro kayan aikinsa daga Dare Dubu Da Ɗaya da labaran Indiya da na Turai, ya sa musu riga da hula har ba ka gane baƙi ne. Bayansa Ahmadu Ingawa ya kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi a 1951, wanda asalinsa gwarzon almarar Rasha ne, yaron da ya tashi gurgu kafin a ba shi ƙarfi. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Da waɗannan aka yi renon alƙalai da likitoci da limaman da muke gani yau, ban kuma ji wanda ya ce Iliya ne ya koya masa ƙarya ba.

Da wannan hujja na shiga karatun littattafan nan huɗu, ina jin na riga na ci shari'a. Kafin in kai ƙarshen na uku, jikina ya yi sanyi.

Ba zan faɗi sunan littafin ba, domin ba shi kaɗai ne mai wannan hali ba, kuma cikin masu rubuta labaran yaƙi akwai waɗanda suka iya alƙalami ƙwarai. Marubucin wannan ma ya iya jan zare, ni da gemuna sai da na kai ƙarfe biyu ban sani ba. Amma ga abin da na tarar. Jarumin labarin bai taɓa yin nasara don ya yi haƙuri ko ya yi tunani ko ya riƙe amana ba. Duk lokacin da aka ƙure shi, sai ya murza wani zobe da wani tsohon boka ya ba shi, aljani ya bayyana ya gama aiki. A fage ɗaya ya kashe dakaru dubu goma, marubucin ya kwashe shafi uku yana kwatanta yadda kawuna ke tashi sama, amma ko layi ɗaya bai ce waɗannan mutane suna da iyaye ko marayun da suka bari ba. Mace a cikin labarin tukuici ce, duk birnin da ya ci sai a ba shi gimbiya kamar yadda ake ba mutum goron Sallah. Duk mutumin kirki fari ne kyakkyawa, duk mugu baƙi ne mummuna, alhali yaron da ke karantawa baƙi ne wuluk kamar ubansa da ni.

Washegari na kira yaron muka zauna a gindin darbejiya. Na ce, "Kai kuwa ka yarda akwai dodo mai kai uku?" Ya dube ni kamar na zautu, ya ce, "Haba Baffa, ai labari ne." Na ce, "To me ya sa jarumin yake cin kowa da yaƙi?" Bai ko yi tunani ba ya ce, "Ai shi yana da sirri. Duk wanda ya samu sirri ya gama."

Mai karatu, a nan na gane inda ƙaryar take. Dodon bai yaudari yaron nan ba ko na minti ɗaya, domin dodo yana cikin ɗakin da ya shiga da saninsa. Abin da ya yaudare shi shi ne abin da ya ɗauko ya fito da shi waje ba tare da ya sani ba: cewa nasara wani asiri ce da ake samu a hannun wani, ba a gumi ba. Wannan ita ce ƙaryar da ba ta da ƙurunƙus. Ita ce za ta bi shi ɗakin jarrabawa ta ce masa ya nemi satar amsa, ta bi shi kasuwa ta ce masa akwai kuɗin dare ɗaya, ta bi shi har ƙofar ɗan damfarar da zai ce ya kawo dubu goma a mayar masa dubu ɗari. Labari yana iya zama ƙage daga farko har ƙarshe kuma ya faɗi gaskiya a kan yadda rayuwa take, kamar tatsuniyar da kwaɗayin Gizo ke jawo masa duka. Yana kuma iya zama babu aljani ko ɗaya a ciki amma ya shirga ƙarya, kamar fim ɗin da saurayi ba sana'a ba aiki amma kullum yana cikin sabuwar mota.

Akwai kuma wani wurin da dole in sara wa Yaya. Batun sihiri a wurinmu ba daidai yake da na Turawa ba. Ka san Harry Potter na J.K. Rowling, littafi 7 da suka fito daga 1997 zuwa 2007, aka yi fina-finai 8 da su, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 500. Ko a can an yi ta cece-kuce, wasu iyaye Kiristoci a Amurka sun nemi a cire shi daga ɗakunan karatu na makarantu, a 2002 kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana shi a makarantunta. Duk da haka, yaron Landan da ya rufe littafin ba zai fita ya tarar da shagon sayar da sandar tsafi a bakin layinsu ba. Namu yaron fa? Aljani a wurinsa ba ƙage ba ne, sura guda ce a Alƙur'ani. Boka ba zane ba ne a bangon littafi, yana nan a bayan gari, kuma yaron ya san matan da ke zuwa wurinsa. Laya da guru da ƙaho yana ganin su a jikin mutane ranar kasuwa. Wato katangar da ke tsakanin ɗakin labari da tsakar gida a wurinmu ta zana ce, ana hango waje ta cikinta. Don haka marubucin Hausa da ya sa boka ya zama mai ceton jarumi ya ɗauki kayan da suka fi na Baturiyar nan nauyi, ko ya sani ko bai sani ba. Abin lura ma, ko a labarin nata, mugun shi ne wanda ya nemi tsere wa mutuwa ta hanyar tsafi, yaron kuwa da abokai da sadaukar da kai ya kai labari.

To tunda haka ne, a ƙona ke nan? A nan na rabu da Yaya.

An taɓa gwada wuta. A 2007 a Kano an tara littattafan Hausa da aka ƙwace a hannun ɗalibai 'yan mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Karatun bai tsaya ba, wuri ya sauya. Yau labaran suna cikin waya, ana tura su ta WhatsApp, ana sauraron su a YouTube, inda babu bangon da uba zai gani balle ya jawo daga ƙarƙashin tabarma. In Yaya ya ƙona littafi huɗu, yaron ba zai koma ya rungumi littafin lissafi ba. Zai koma ɗakin kallo ne ko wayar abokinsa, inda Bahubali da 'yan'uwansa suke jiran sa da fassarar Hausa, kuma a can zai ga kawunan da ke tashi sama da idonsa, ba a takarda ba.

Sa'annan ka dubi abin da za a ƙona tare da takardar. Yaron nan yana karanta Hausa tiryan-tiryan, ba ya in'ina, a ajin da da yawa daga cikin sa'o'insa ke haɗa baƙi da ƙyar. Ba bulala ce ta koya masa ba, son sanin abin da zai faru a shafi na gaba ne. Ya iya zama awa biyu a wuri ɗaya hankalinsa na kan abu ɗaya, abin da manya da yawa ba sa iyawa a zamanin nan na latse-latse. Ya tara kuɗin tallan da yake taya mahaifiyarsa ya karɓo hayar na biyu, ya jira sati uku kafin na uku ya zagayo hannunsa. A garin da aka kafa jami'a tun 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido, yaron da ya kamu da son karatu dukiya ne. Wanda ka koya wa cewa riƙe littafi laifi ne, kada ka yi mamaki in ya girma ya ƙi riƙe kowane iri.

Akwai kuma abin da labarin jarumta yake yi wa yaro wanda wa'azi kai tsaye bai cika yi ba. Ɗan shekara 12 ƙarami ne a duniyar manya, kowa na iya aikensa, kowa na iya tsawata masa, yana da tsoron da ba ya iya faɗa wa kowa. A cikin labari yake gwada tsayawa gaban abin tsoro ba tare da ya ji ciwo ba, kamar yadda 'yan dambe ke gwada hannu kafin ranar fage. A can yake fara jin zafin cin amana da daɗin cika alkawari, tun kafin rayuwa ta gwada shi da na gaske. Ka ce wa yaro amana tana da kyau, zai gyaɗa kai ya manta. Ka bar shi ya bi wani jarumi shafi 200, sa'annan aminin jarumin ya sayar da shi, za ka ga yaro ya ajiye littafi yana huci. Wannan hucin tarbiyya ce.

Abin da ya ɓace mana, a ganina, kaka ce. Tsohuwa mai tatsuniya tana kallon fuskokin jikokinta. In ta ga tsoro ya yi yawa sai ta sassauta, in ta ga wani ya fara sha'awar wayon Gizo sai ta ƙara wa Gizo duka. Ita ce mai buɗe ƙofa, ita ce mai rufewa. Littafi ba shi da ido, ba ya sanin ko ɗan shekara 30 ne ya ɗauke shi ko ɗan 10. Galibin littattafan yaƙin nan ma ba don yara aka rubuta su ba, yaran sun faɗa musu ne don ba su samu nasu ba. Saboda haka aikin da kaka take yi bai faɗi ba, ya dawo wuyan uba da uwa da baffa da malamin aji. Wani ne zai zauna ya ce wa yaro ƙurunƙus.

Ga ma'aunin da na samu a kwana ukun nan, in zai yi maka amfani. Kada ka tsaya tambayar ko abin da ke cikin littafin ya faru, domin amsar a fili take. Tambayi abu uku. Da me jarumin ya yi nasara, da halinsa ko da abin da ke aljihunsa? Me nasarar ta ci masa, ko kuwa a banza ya same ta? Wa labarin ya sa yaro ya so, wa kuma ya sa ya raina? In ka samu amsar waɗannan, ka san ko littafin mai gaskiya ne ko maƙaryaci, ko da kowane shafi cike yake da aljanu. Kuma ba za ka samu amsar ba sai ka karanta, ko aƙalla ka sa yaron ya ba ka labarin da bakinsa.

Ku kuma marubutanmu da masu shirya fim, wannan ƙalubale naku ne. An cika kasuwa da soyayya da rikicin kishiyoyi, an bar 'yan shekara 10 zuwa 15 suna kiwon kansu. Ba a rasa kayan aiki ba. Bello Kagara ya fara Ganɗoki da tarihi na gaske, zuwan Turawa Kwantagora, kafin ya wuce da shi ƙasashen aljanu. Kamfanin Sarauniya ya taɓa mayar da tatsuniyar Daskin-da-Riɗi fim, jama'a kuma suka karɓa. Marigayi Ƙasimu Yero da abokan aikinsa sun kawo Magana Jari Ce a talabijin, har yau ana tuna su. Yaron da nake ba ka labari yana zaune ne a masarautar Haɗeja, inda a Afrilun 1906 Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa ya tsaya har ya yi shahada, amma yaron ya fi sanin sunayen biranen da babu su a taswira. Ga dausayin Baturiya da tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai su yi hunturu. Ga zanen mutanen da a jikin duwatsun Birnin Kudu. Ga jigayin da jihar ta samo sunanta. Wa zai rubuta mana jerin littafi goma na wasu yara uku da suka bi tsuntsun Baturiya, ko suka shiga kogon Birnin Kudu suka ɓulla wani zamani, su sha wuya, su yi kuskure, su tsira da hankalinsu da riƙon amanarsu?

Na ce maka ban fita salin-alin ba. Da kwana uku suka cika na zayyana wa Yaya duk abin da na zayyana maka, ya saurara har na gama, sa'annan ya ce, "Na ji. To kai da ka san duk wannan, shekara 12 littafi nawa ka taɓa sayo masa?" Mai karatu, ko ɗaya. Takalmi na sha kawowa, da shadda, har da ƙwallo. Na bar yaro da yunwa, ya ci abin da ya samu, na zo ina yi wa abincin bita.

Ba a kai su murhu ba, amma Yaya bai sauka daga ra'ayinsa duka ba. Ya riƙe na ukun, wanda bokan ya fi yawa a ciki, ya ce wannan kam ba a gidansa ba, ni ma ban yi musu ba. Ya kafa doka cewa babu karatu a gidan sauro, duk abin da za a karanta a kawo shi zaure a karanta a fili. Da na koma na aiko da Magana Jari Ce guda ukun da Iliya Ɗan Maiƙarfi. An ce mini yanzu bayan isha'i yaron ne ke karantawa da ƙarfi, ƙannensa na kewaye da shi, Yaya kuwa yana gefe da carbi da rediyo kamar ba ya ji. Har yanzu in an tambaye shi cewa yake yi duk zancen banza ne. Sai dai mai ɗakinsa ta tsegunta mini cewa ranar da yaron ya yi zazzaɓi ba a yi karatu ba, shi ne ya leƙa ɗaki ya yi masa sannu, ya ɗan yi jim, sa'annan ya ce, "Wai shi wazirin nan, asirinsa ya tonu kuwa?"

Kai fa mai karatu, yaushe rabonka da ka tambayi yaron gidanku abin da yake karantawa? Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.